Gangarar Gidan Surukai

Jika ya sa wa kekensa inji ne saboda gwiwa, ba don gayu ba. Shekara da shekaru yana dakon man gyaɗar da matarsa Batulu take matsewa, daga ƙauyensu na bayan Cadawa zuwa kasuwar Agiye, har gwiwoyinsa suka fara ƙara in zai yi sujada. Da aka ɗaura injin, tafiya ta yi daɗi, wallahi ta yi. Tsayawa ce babu wanda ya tuna da ita.

Hanyar kuwa ta ƙofar gidan surukinsa take bi, Malam Abdurrahaman, kuma daidai nan ƙasa take gangarowa. A ƙarshen gangarar akwai iccen bedi, a gindinsa tsohon yake shimfiɗa tabarma tun hantsi, shi da abokinsa Gado. Da can, tun daga nesa Jika yake sauka, ya jingine keke, ya tuɓe takalma, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Yanzu fa? Sai ya matse birki har jijiyar hannunsa ta tashi, keke ya yi kamar ba da shi ake ba. Ya kafa dugadugai cikin rairayi ya ja, ya wuce su fuu, ya watsa musu ƙasa a tabarma, bai tsaya ba sai tsakiyar gonaki.

Ranar farko ya kwantar da keken a can don ya dawo da ƙafa, tun da babu abin jinginawa. Murfin jarka ya ɓalle, rairayi ya shanye wahalar Batulu yana kallo. Daga ranar sai ya riƙa ɗaga hannu kawai ya wuce, ransa a ɓace. Lokacin da yake dawowa kuma almuru ta yi, an naɗe tabarma.

Wani zai ce me ya hana shi zuwa ya faɗi gaskiya. To, wanda ya san kunyar surukai ba zai tambaya ba. Mutumin da ko ruwa ba ka iya sha a gabansa, shi za ka zauna ka gaya wa abin hawanka ya fi ƙarfinka? Jika ya yi shiru, tsohon ma ya yi shiru.

Sai wata ranar kasuwa ya gangaro ya tarar gindin bedi wayam, ba tabarma, ba kowa. Kasuwa ta sake zagayowa, haka. Batulu ta je gida ta dawo idonta ya yi ja. Uwarta ta ce Malam ya koma zaman zaure, bai gaya wa kowa dalili ba, matan bakin rijiya kuwa sun riga sun yanke hukunci: mijin Batulu ya samu inji, kai ya kumbura, har tsoho ya gwammace ya ɓuya da ya riƙa ganin wulaƙanci.

"Maigida," in ji ta, ko kallonsa ba ta yi ba, "ni dai uba ɗaya gare ni."

Maganar nan ta fi masa mari zafi. Ya kai keken wurin Garzali mai gyara a Agiye, aka sake robar birki, aka ja waya. Kwana kaɗan abu ya koma gidan jiya. Aka sake wata robar, ita ma haka. Jika ya gaji da zaman benci, ya gaji da warin esansi, wato fetur, takalman taya kuwa ya daina tuna yawan waɗanda gangarar ta cinye. Daga baya Garzali ya shafa gefen ƙafar baya ya nuna masa yatsansa yana ƙyalli. Man da ke tsattsafowa daga jarkuna ne yake ɗiga daidai inda roba take kamawa, ga shi dama birkin don ƙarfin ƙafar mutum aka yi shi, ba don inji da kaya ba. Magani ɗaya ne, a samo ƙafar wata matacciyar moto, wato babur, irin wadda birkinta yake rufe cikin cibiya, inda mai da rairayi ba su kai.

Samun ƙafar ma wani aiki ne. Aka ce akwai a Gazawa, ya je, an riga shi. Aka ce a jira wadda za a tsallako iyaka da ita, ya jira. Duk tsawon wannan lokaci ya cire bel ɗin injin ya koma tuƙi da ƙafa, yana jan injin da ba ya aiki a kan nauyin mai, gwiwoyi suna kuka. A haka yana iya tsayawa gindin bedi, amma wa zai gaida? Shiga zauren kuwa ya kasa, don bai san da wace fuska zai shiga ba.

Ranar da ƙafar ta samu, Garzali ya yini yana buɗa ƙarfen baya, yana ɗaure sandar birki. Ya gargaɗe shi ya riƙa goge ta, ya duba waya duk safiyar kasuwa. Jika ya gyaɗa kai kawai, ko murna bai da ƙarfin yi.

Da kasuwa ta zagayo ya gangaro da kaya cike, inji na ruri. Ya taka birki, keke ya tsaya cak a gindin bedi. Ya jingine shi, ya tuɓe takalma, ya yi sallama a ƙofar zaure. Ciki duhu da zafi, tsohon yana zaune da Gado suna fifita, duk sun jiƙe da zufa. Jika ya durƙusa, ya gaida su, ya fara haɗa maganar ban haƙuri.

Malam Abdurrahaman bai dube shi ba. Ya leƙa waje, ya daɗe yana kallon sabuwar ƙafar, sannan ya juya ga abokinsa.

"Gado, ka tuna layukan nan biyu da yaron nan yake ja da dugadugansa? Duk ranar kasuwa sai na bi su na duba ko da jini. Na ga muddin ina zaune a wurin, zai karya kansa garin gaishe ni. Shi ya sa na tashi."

Jika ya sunkuyar da kai, hawaye suka ɗiga a kan gwiwarsa. Ashe duk zafin bazarar nan dominsa tsohon ya shanye shi a cikin zaure.

Malam Abdurrahaman ya dafa bango ya miƙe da ƙyar. Har yanzu da Gado yake magana.

"Ce masa ya ɗauko tabarmar. Na gaji da ɗakin nan."