Gajimaren Aro

A unguwarsu kowa ya san ƙa'idar. In Baba ya fito tsakar gida da safe, ya kare ido da tafin hannu, ya dubi sama ya ce, "Yau ba ruwa," to mata sai su ruga su kwashe shanya. In kuwa ya ce, "Ku shirya, yau sai an wuni ana yi," to ranar ce ta wankin bargo. Mai rufin kwano ne, ya yi rabin rayuwarsa a saman gidajen mutane, ya fi kowa kusa da sama, amma ita saman ba ta taɓa gaya masa gaskiya ba. Akwai gidan da ya yaye wa rufi da hantsi, yana rantsuwa cewa hadarin nan na wucewa ne. Kafin azahar masu gidan suna kwasar ruwa da bokiti daga ƙarƙashin gado. Ko a ranar bai yarda ya yi kuskure ba. "Iska ce ta sauya shawara," in ji shi.

Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce kaɗai ta taɓa yarda da shi, ita ma don tana yarinya ne. Yakan ɗauke ta a babur su hau dutsen da ke bayan gari, inda ake hango kwari da kogi da gonaki har iyakar ganin ido. Nan zai zauna yana nuna mata gajimare, yana faɗin wanda ke ɗauke da ruwa da wanda cika baki kawai yake yi. Sau da yawa a jiƙe sharkaf suke dawowa, Inna tana faɗa, su kuma suna dariya.

Da ta girma sai ta zama mai ɗaukar hoto, a wani situdiyo da ke tsakanin shagon aski da kemis. Hoton fasfo da na biki, su ne abincinta. A wannan sana'a ta koyi abu guda tun ranar farko: ba mai biyan kuɗin hoto in sama ta turɓune fuska a bayansa. Saboda haka a kwamfutarta akwai sammai iri-iri a ajiye, masu shuɗi, masu jan faɗuwar rana, masu farin gajimare kamar auduga. Ta cire ta gaskiya, ta liƙa ta aro, ta goge wayar lantarki, ta share ƙurajen ango. Har ya zamana hannunta yana yin aikin ba tare da ya nemi shawarar kanta ba. Akwai wata sama da ta fi so, shuɗiya tas, da gajimare ɗaya a gefe mai kama da rago a durƙushe. Mai situdiyon yana kiranta saman amare.

Sai ciwo ya faɗo wa Baba. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. Da aka sallamo shi daga asibiti, likita ta ja Auta da yayanta gefe.

"Harshen bai mutu ba, ƙafar ma haka," in ji ta. "Amma sai ya motsa su da kansa. In 'yan watannin nan suka wuce bai fara ba, za su sandare, daga nan kuma sai dai haƙuri."

Baba ya ƙi. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya yi shiru, yanzu ko "a'a" ba ya cewa, sai dai ya kau da kai. Tagar ɗakinsa bangon benen maƙwabci take kallo, ko tsinken sama ba a gani. Da Yaya ya yi niyyar cicciɓo shi zuwa tsakar gida ya sha iska, sai ya damƙe ƙarfen gado da hannun hagu, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Wanda ya saba leƙo mutane daga sama ba ya son a tsaya a kansa ana masa sannu. Auta ta ji tsoro, tsoron da ba ta gaya wa kowa ba: kada mahaifinta ya ƙare kwanakinsa yana kallon bango, kada ya zamana ta riga ta ji muryarsa ta ƙarshe ba ta sani ba.

Damina ta faɗi. Wata safiya Auta ta fito za ta tafi aiki, ta tarar da Inna tsaye a tsakar gida da bahon wanki a hannu, ta zuba wa ƙofar ɗakin Baba ido. Jira take a gaya mata ba ruwa, don ta san kada ta shanya. Da ta tuna, sai ta ajiye bahon ta goge ido da bakin zane.

A ranar Auta ta yanke shawara. Tunda ya ƙi zuwa wurin sama, ita za ta kawo masa saman har gado.

Ta hau mota zuwa ƙarshen kwalta, ta ƙarasa dutsen da ƙafa, kyamara a wuya. Kwarin yana nan yadda ta bar shi, kogi ya fara cika. Sai dai saman ranar ba ta da fasali, fari-fari kamar ruwan wanki. Ta ɗauka haka nan. Da ta koma situdiyo ta zauna gaban kwamfuta, sabo ya yi halinsa. Ta goge wayar lantarkin da ta ratsa gefen hoton, ta ƙara wa ciyawa kore, ta ɗauko sama mai kyau ta liƙa. Ba ta ɗauke shi ƙarya ba. Mara lafiya za a kai wa, ai ba a kai masa abu a hargitse. Ta wanke hoton babba, ta shiga da shi tana murmushi.

"Baba, ka gane nan? Dutsenmu ne."

Ya duba kamar mai duba takardar magani, ya juya fuska bango.

Ta koma dutsen, ta sake komawa. Ta kawo masa mai jan yamma, ta kawo mai bakan gizo. Duk kallo ɗaya yake musu ya kau da kai. Hotunan suka taru a kan durowa, kusa da kofin shayin da yake barin rabinsa. Daga ƙarshe ta ce bari ta fito da babbar sandarta, ta liƙa saman amare a kan kwarin. Ko ita da ta gani sai da ta yaba wa kanta.

Wannan karon Baba ya daɗe yana kallo. Can sai ya ɗaga hannun hagu a hankali. Bai karɓi hoton ba. Ya miƙe yatsa ya nuna bangon da ke fuskantar gadonsa, inda hoton bikin Yaya yake rataye. Auta ta waiga. Ga Yaya da amaryarsa sun sha ado, ga shuɗiyar sama a bayansu, ga rago a durƙushe bisa kafaɗar ango. Ta dubi na hannunta. Ragon ne dai, ko kunne bai sauya ba.

Inna, da ta shigo ɗaukar kofi, ta dubi wancan ta dubi wannan, ta fashe da dariya har tana dafa ƙofa.

"Ikon Allah! Ragon nan ya ci bikin yayanki, yanzu kuma ya hau dutse kiwo?"

Kunya ta rufe Auta, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Mutum ya yi wata da watanni ba abin da yake kallo sai wannan bango, ita kuma ta zo za ta sayar masa da gajimaren da ya haddace. Amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani daɗi da ya taso mata. Ashe yana nan. Idonsa ma ta ga ya yi wani ƙyalli, irin na wanda ya kama ɓarawon kaza.

A kicin Inna ta rage murya.

"Ke ma dai, Auta. Me kike so ya ce da waɗannan? Sama ce da ta riga ta gama magana. Mahaifinki ba kyau yake nema ba, abokin gardama yake nema. Ni da na zauna da shi tun ba a haife ku ba, ban taɓa jin ya ce sama ta yi kyau ba."

Daga ranar Auta ta koma leƙen sama ta ƙofar situdiyo, har mai aski ya fara tambaya ko jirgi take jira. Ba mai kyau take nema ba, mai shakka take nema, wadda ita kanta ba ta san abin da za ta yi ba. Ta same ta wata rana bayan azahar. Gabas ta haɗe baƙi ƙirin, yamma kuwa rana tana ƙwallewa abinta. Tana cikin gyara wa wani mutum wuyan riga don hoton fasfo ta hango. Ta ɗauke shi a gurguje, ta suri jaka.

"Ina kuma za ki?" in ji mai situdiyon. "Ga mutane suna jira!"

"Yallaɓai, su za su jira. Wancan ba ya jira."

Ta isa kan dutsen tana haki. Iska ta taso, ciyawa duk ta kwanta gefe guda. Hadarin ya yi gangami bisa kwarin, cikinsa ya yi nauyi ya zazzago, can nesa wani ɓangarensa ya sauko ƙasa kamar labule. Amma rana ta huda shi ta gefe, ta haske rabin kogin, ɗaya rabin kuma ya yi duhu. Ta jingina kyamarar da dutse saboda iska. Ta rage haske don baƙin gajimaren ya fito da duk ƙullinsa, ta bar wa ƙasa ɗan siririn wuri a gindin hoton, saura duk ta ba sama. Wayar lantarkin ta shigo ta gefe, ta ƙyale ta. Ta danna, ta sake dannawa, cida tana gurnani a nesa.

Tana saukowa ta tuna abin da ya sa ta fara gudu. In ruwan ya riga ta isa gida, ya amsa tambayar da kansa, ba sauran abin da Baba zai ce. Ba zancen situdiyo, ba zancen wanke hoto. Ta tari mai babur, ta ce ya yi sauri don Allah. Garin ya yi duhu, ledoji suna tashi sama, masu kaya a bakin titi suna ta rufewa.

Ta faɗa gida gashinta duk ciyawa. Shanyar Inna tana nan a igiya, iska tana kaɗa ta. Ko ɗigo bai sauka ba tukuna. Ta wuce ɗakin Baba, ta durƙusa a bakin gado, ta kunna ɗan gilashin bayan kyamarar ta kai masa kusa da fuska.

"Yanzu na ɗauka, Baba. Wallahi ban taɓa komai ba, ga wayar nan ma. Ni dai na kasa ganewa. Za a yi, ko ba za a yi ba?"

Ya ƙanƙance ido. Ta ƙara masa girman hoton, ta matsar da shi gabas, ta dawo da shi yamma. Hannun hagunsa ya taso a hankali ya kare goshinsa, yadda yake yi a tsakar gida. Inna ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ba ta ko numfashi da ƙarfi. Leɓensa ya motsa, ba abin da ya fito. Ya haɗiye yawu, ya sake gwadawa, gumi ya tsatso masa.

"Ba..." Muryar ta fito a daƙushe, kamar tsohuwar ƙofa. "Ba... ruwa."

Auta ta ji hawaye suna bin kumatunta, ba ta share ba. Inna ta dafe ƙirji. Sai kuma idonta ya zaro.

"Wayyo, shanyata!"

Ta kwasa da gudu kamar yarinya. Ba ta kai ga cire zane na biyu ba aka saki ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kwanon ɗakin, wanda Baba ya buga da hannunsa, ya ɗauki ƙara har ba a jin magana. Auta tana kuka tana dariya. Baba ya harari silin, ya ɓata fuska, ransa a ɓace ƙwarai.

"Is... ka," ya ce.

"Ta sauya shawara, Baba. Na sani."

Ya girgiza kai, alamar bai gamsu ba. Wannan ƙara ce kawai, shi kuwa kwano ya san shi, yana da zuzuta abu. Ya dafa ƙarfen gadon nan da ya saba damƙewa, amma wannan karon turawa yake yi.

"Ku... kai ni... ƙofa."

Inna ta shigo a jiƙe, ta watsar da kayan a kujera. Ta shiga ta hagunsa, Auta ta shiga ta dama. Yana da nauyi, ƙafar dama tana jan ƙasa, amma Auta ta ji yana ƙoƙarin ɗaga ta, yana cije leɓe, taku bayan taku. Da suka kai bakin ƙofa feshin ruwa ya bugi fuskarsa, ƙamshin ƙasa ya cika musu hanci. Ya ɗaga kai ya dubi saman, ita ta gaskiyar, ya daɗe yana dubanta kamar wanda ya haɗu da tsohon abokin faɗa a kasuwa.

"Yanzu... zai... ɗauke," in ji shi.

Inna ta dubi Auta, Auta ta dubi Inna. Suka jawo kujera suka zaunar da shi a bakin ƙofar. Sannan Inna ta share ido, ta shiga cikin ruwan, ta jera duk bokitan gidan a ƙarƙashin indararo, har da babban bahon wanki.