Takardar Garzali

Malama Sanatu tana raba takardun jarrabawa ta ga Garzali ya sunkuyar da kai a kan tebur. Ta ajiye masa tasa, ta wuce kamar ba ta gani ba.

Su goma sha ɗaya ne a ajin, duk ma'aikatan wani sabon gidan abincin Italiya. Kamfanin ne ya turo su wannan ƙaramar cibiyar koyon harsuna a unguwar Fereej Abdel Aziz da ke Doha, su yi wata uku suna koyon Italiyanci. Wanda ya ci zai riƙa karɓar baƙi. Wanda ya faɗi zai koma wankin kwanuka, kuma an ce ba kowa za a sabunta wa kwantiragi ba.

Sanatu 'yar Zongon Kumasi ce, amma a birnin Brescia na Italiya ta girma, a can ta koyar da 'ya'yan baƙi kafin aikin mijinta ya kawo su Doha. A ajinta ba ta hana 'yan Nepal su yi wa juna bayani da yarensu, haka ma 'yan Filifin.

Garzali mutumin Gusau ne, shekararsa talatin da huɗu. Da kunne ya koyi Larabci da Turanci, ya tsinci Hindi a ɗakin da suke kwana su shida. Italiyanci ma bakinsa ya fi na kowa. Sai dai duk ranar da aka ce ya karanta, zai ce idonsa na ciwo. Da ta duba littafinsa ta ga haruffa sun juya baya, kalma ɗaya an rubuta ta iri uku a shafi guda. Ta taɓa ganin irin wannan a Brescia. Ba ta yi masa magana ba, ta dai fara tura wa kowa darasi da murya ta waya.

Makon jiya ta roƙi shugaban cibiyar, Ustaz Sherif, a yi wa Garzali jarrabawar baka. Ya ce sai da takardar likita. Garzali kuwa ya ce ba zai je asibiti ba, kafil, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, zai ji cewa yana da ciwo a kai.

Minti arba'in suka cika. Kowa ya miƙa takardarsa ya fita, Garzali ne na ƙarshe da ya miƙo tasa. Ta Garzali sunansa ne kawai, sai layi biyu da aka goge har takardar ta huje.

"Malam Garzali, zauna," in ji ta.

"Khalas, Malama. Ki bar shi."

"Zan karanta maka. Kai dai ka amsa."

Ya daɗe yana kallon ƙofa kafin ya zauna. Ta karanta tambayar farko: baƙo ya ce ɗansa ba ya cin gyaɗa, me za ka ce? Ya amsa da Italiyanci cewa zai tambayi mai girki, ya ƙara da cewa a guji kayan zaƙi biyu da ake sa wa gyaɗa. Ta rubuta yadda ya faɗa, har da kuskurensa. Cikin ashirin ya ci goma sha takwas.

Da ta fara rubutu a saman takardar, ya tambaye ta me take sawa.

"Cewa ni na karanta, ni na rubuta, kai ka amsa. Da sunan abin da ke damunka. Abin yana da suna, mutane da yawa suna da shi."

"Kada ki sa sunan." Muryarsa ta yi ƙasa. "Tun ina aji biyu ake ce mini daƙiƙi. Matata ma ba ta sani ba. Saƙonta wani nake ba ya karanta mini, in ce ina tuƙi ko hannuna da ruwa."

"In ban sa ba, Ustaz zai ce na taimake ka ne kawai."

"To ya ce."

Ta ɗan riƙe biron. Sannan ta sa hannu, ba ta rubuta sunan ba.

Da ta kai takardar ofis, Ustaz Sherif ya karanta bayanin sau biyu, ya cire tabarau. Ya ce ta san wannan ya saɓa ƙa'ida, kuma dole ya sanar da kamfanin. Ya ce ba shi da tabbacin za su karɓa, ko za su sake turo mata ɗalibai. Ta ce ta sani. Ya ware takardar daga sauran, ya sa a aljihun tebur.

A waje rana ta yi zafi, titi ba kowa. Ta tarar da Garzali a tashar bas, ya raɓe a 'yar inuwa. Bai tambaye ta yadda suka yi da Ustaz ba.

Wata bas ta taho daga nesa. Ya miƙe, ya ƙura wa lambar ido, leɓensa na motsi. Sannan ya juyo.

"Malama, wannan ita ce ta Mesaimeer?"

Ta duba. "A'a. Ta bayanta ce."

Ya koma ya zauna, ya matsa mata wuri a inuwar.