Ɗango Biyar a Kan Worcester

Wani tsohon Ba'airishe ne ya koya musu abin, mai gidan da suka fara kama haya a unguwar Whalley Range ta Manchester lokacin suna ɗalibai. In ya zo duba injin ɗumama ɗaki, wanda har suka bar gidan bai gyaru ba, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya rera musu wata 'yar waƙar shaƙiyanci mai ɗango biyar, irin wadda Turawa ke kira limerik. Ɗango na farko da na biyu da na biyar amonsu ɗaya, na uku da na huɗu gajeru ne, su ma da nasu amon. Uba Salihu da Habu Abdulsalam suka ji, suka ce ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Uba Bafillacen Dukku ne, Habu kuwa Babarbaren Nguru, kuma kowa ya san tsakanin Fulani da Barebari wasa ne na gado. Kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne, wanda ya yi fushi kuwa shi aka kayar.

Suka mai da waƙar Hausa, suka kafa mata doka. Dole ɗangon farko ya ƙare da sunan wani gari ko unguwa a Ingila, cikin waɗannan da ake rubuta su daban a faɗe su daban, masu sa baƙo jin kunya a gaban mai sayar da tikitin jirgin ƙasa. Sunan za a rubuta shi yadda Turawa ke rubutawa, amma amon ya bi yadda suke faɗa. Wanda amonsa ya bi rubutu ya faɗi, shi ke wanke kwanukan ranar. Garin da ake rubutawa Slough, Silau ake ce masa, da shi Uba ya buɗe fage:

Wani Babarbare can a Slough,
Ya ce shi cikinsa ƙalau,
Ya ci wake da manda,
Ya bi shi da gwanda,
Da safe fuska ta yi fayau.

Habu bai rama ba sai da Uba ya yi aure ya koma Levenshulme, unguwar da mutanenta ke kira Lebinshum. Ranar tarewa ya miƙe a gaban baƙi ya biya bashinsa:

Bafillacen nan na Levenshulme,
Mai kewar saniya kullum,
Ya ga madara a kwali,
Ya rasa duk hankali,
Ya rungume ta ya yi jugum.

Haka suka girma. Uba ya zama akanta, ya sayi ɗan gida a bayan Stockport Road. Habu ya koma Birmingham, injiniya a wani kamfani da ke karɓar kwangilar hanyoyi. Nisa bai kashe wasan ba, sai ma ya koma cikin waya. Uba kan iya kwana uku yana juya sunan gari ɗaya a baki cikin bas, leɓɓansa na motsi, har mata masu keken jarirai su matsa gefe. Duk walimar Sallah da mutanen Arewa ke haɗawa, ko a Manchester ko a Birmingham, ba a tashi sai an ce a tayar da Bafillace da Babarbare. Uba ba shi da ɗan'uwa na jini a ƙasar, kuma in gaskiya za a faɗa, Habu ne kaɗai mutumin da yake sakin jiki da shi.

Sai shekarun tsuke bakin aljihu suka shigo. Gwamnati ta datse kuɗin ƙananan hukumomi, su kuma suka datse duk abin da hannunsu ya kai. Aka rage ranakun buɗe laburare, aka rufe wuraren taron unguwa, ramukan titi suka yi ta faɗi ba mai cikewa. Kowa ya san wani da aka sallama.

Ana saura mako biyu Babbar Sallah, Batulu matar Uba ta faɗa masa abin da ta ji, tana kwashe kwanuka, muryarta ƙasa-ƙasa. Kubura matar Habu ce ta gaya mata a waya: an soke aikin hanyar da kamfanin ke yi a Worcester, an sallami Habu tun kafin azumi.

Abin da ya fara kama Uba ba tausayi ba ne, haushi ne. Wata uku mutum yana cikin wannan hali, yana turo masa waƙa a kan hancinsa da siraran ƙafafunsa, amma bai iya buɗe baki ya ce ga abin da ya same shi ba? Daga baya tausayin ya zo, ya hana shi cin abinci. Ya ɗauki waya zai kira ya jajanta, ya ajiye. Me zai ce? Allah ya musanya da mafi alheri? Wannan maganar kowa ce, kuma in ta fito daga bakinsa Habu zai san an fara tausaya masa, abin da Babarbare ya fi ƙi a duniya. Ya tuna shekarar da ya faɗi jarrabawar akanta karo na biyu, kowa na lallaɓa shi kamar ƙwai, sai Habu ya tashi a gaban jama'a ya yi masa waƙa a kan saniyar da ta fi shi iya lissafi. Aka yi dariya, shi ma ya yi, kuma daga ranar ya sake iya haɗa ido da mutane. A gida ma ai haka ake yi, abokin wasa shi ke da izinin taɓa inda ke ciwo. Batun ko jama'a sun sani kuwa bai tsaya tambaya ba. A ganinsa maganar da ta shiga wayar mata biyu ta riga ta gama gari.

Ya zauna wa Worcester, garin da ake kira Wusta. Bai taɓa wahala a kan waƙa irin wannan ba, don yana so ta yi zafi daidai yadda za ta yi magani. Da ta kammala ya ji daɗinta ƙwarai, bai ko karanta wa Batulu ba.

Walimar bana a Birmingham aka yi, a wani ɗaki saman kantin kafet, tunda zauren da aka saba kamawa an rufe shi. Habu ya zo cikin babbar riga fara, ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. Bayan an ci shinkafa da soyayyen naman layya, shugaban ƙungiyar mutanen Arewa ya ce to, a tayar da su. Habu ya ɗaga hannu daga inda yake zaune, ya ce shi bana ba shi da ko ɗaya, bawansa ya yi kukansa shi kaɗai. Mai hankali da ya tsaya nan. Uba kuwa ya ɗauka wannan shi ne alamar ciwon ya nuna, lokacin matse shi ya yi. Ya miƙe, ya gyara hula.

Injiniyan hanya na Worcester,
Turawa sun ce ya je ya huta,
Ya ajiye hular kwano,
Ya dawo roƙon nono,
Gun ubangidansa, riƙe da buta.

Aka fara dariya, irin ta sabo, sai ta tsinke a tsakiya. Uba ya ga mutane suna kallon juna, yana jiran Habu ya zabura ya rama. Daga ɓangaren mata Raki, babbar 'yar Habu, wadda ta gama sakandare a bazarar nan, ta miƙe da faranti a hannunta.

"Dad, what's he on about? Wane hutu? Ba jiya ka je site ba?"

Kubura ta ja mayafi ta rufe fuska. Habu ya yi murmushi, ya dubi 'yarsa, ya ce Bafillace bai yi ƙarya ba, ta zauna, za su yi magana a gida. Shugaban ƙungiya ya yi sauri ya ce a kawo shayi.

A mota, kan hanyar komawa Manchester, Batulu ta warware masa sauran. Ban da Kubura da ita Batulun ba wanda ya sani, ko yaran gidan. Kullum da safe Habu kan sa hular aikinsa a bayan mota ya fita, ya yini tsakanin masallaci da laburare yana neman aiki, don Raki na tsakiyar jarrabawa, ga shi ta ƙwallafa rai a kan jami'a a shekarar da aka ninka kuɗin makaranta. So yake ya samu wani aikin kafin ta ji. Batulu ta ce ita da ta san abin da zai yi ke nan, da ta haɗiye maganar ta mutu da ita.  Kunya ce ta cika Uba, da tsoro.

Ya kira, ba a ɗauka ba. Ya tura saƙon ban haƙuri, shiru. Ya tsara waƙa a kan kansa, ya kira kansa wawan makiyayi da sauran sunayen da Habu ya saba liƙa masa, ya tura, ya ga alamar an karanta, ba amsa. Ta bakin Batulu ya ji Raki ta ɗage shiga jami'a, ta kama aiki a wani kantin magani, ta ce ba za ta ɗora wa mahaifinta nauyi ba. Wannan labari ya fi komai cin Uba, don shi ne ainihin abin da Habu ya yi wata uku yana karewa.

Da sanyi ya fara shigowa ya kasa daurewa. Ya hau motar safa wata Asabar da safe, ya sauka Birmingham kafin azahar. Duk tsawon hanyar yana shirya kansa: Habu zai zage shi, ko ya ƙi buɗe ƙofa, ko ya shaƙe shi. Kowanne ya zo zai karɓa da hannu biyu.

Habu da kansa ya buɗe ƙofa. Ya amsa sallama cikakkiya, ya miƙa masa hannu, ya kai shi falo ya nuna masa kujerar da ta fi kyau. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi da gajiyar hanya, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ake wa surukin da ba a saba da shi ba. Kubura ta kawo shayi a kofunan baƙi, ta gaishe shi ta fita. Uba ya riƙe kofin, ya fara bayani. Ya faɗi abin da ya zata, da abin da ya nufa, ya kawo maganar jarrabawarsa ta da. Habu ya saurare shi har ƙarshe bai katse shi ba.

"Na san abin da ka nufa," ya ce. "A Nguru in ka yi mini haka, washegari in na fita kasuwa wani zai ce zo ga aiki, wani ya aiko da hatsi gidana. A nan an yi dariya, kowa ya shiga motarsa ya tafi. Ni aka bari da yarinya tana kuka a kitchen. Amma na yafe maka, Allah ya yafe mana baki ɗaya."

"Ba yafiya na zo nema ba," in ji Uba. "Ka rama. Ga garin Altrincham nan ba ka taɓa shi ba, ga Keighley. Ka tara mutane ka yi mini wadda ba zan sake fita ba. Kai fa bawana ne, ina umurtar ka."

Ya faɗi kalmar ne yana leƙen fuskar Habu, ko gira za ta motsa. Habu ya ɗauki butar shayi ya ƙara masa, ya tura sukari kusa da shi.

"Ba ni da abin faɗa a kanka sai alheri, Malam Uba."

Aka kira azahar a wayar Habu, suka yi salla, ya matsa wa Uba ya ja su. Aka kawo tuwo, aka sa wa baƙo nama mafi tsoka. Uba ya ci don ba shi da yadda zai yi. Ya yi ta jefa ƙananan tsokana, a kan miya, a kan hular Habu, Habu na amsawa da murmushi da "haka ne".

Da la'asar ya ce zai tafi. Habu ya sa rigar sanyi ya raka shi har tashar bas, ya karɓi jakarsa ya riƙe masa duk da ba nauyi gare ta. Suka tsaya a ƙarƙashin rumfar, ruwa na yayyafi. Da bas ta tsaya Habu ya miƙa masa jakar da hannu biyu, ya gode masa da wannan zumunci da ya yi takakkiya ya zo, ya ce a gaida Hajiya Batulu da yara.

Uba ya sami kujera kusa da taga. Habu bai juya ba, ya tsaya yana ɗaga masa hannu cikin ladabi har bas ta sha kwana. Nan kukan ya ƙwace wa Uba, ya kifa fuska a kan jakarsa, matar da ke kusa da shi ta tashi ta koma wata kujera.