Katin Shekara na Angon Kaka

Tun da 'yarta ta rasu, tsohuwar tela ce take riƙe da jikanta. Yaro ne mai ƙiriniya, ba ya zama wuri ɗaya, ga shi gidan ɗaki biyu ne, ɗayan ma keken ɗinki da tarin yadudduka sun cinye shi. Ango take kiransa. In ta ɓata masa rai sai ya tura baki ya ce ya sake ta, ta tattara kayanta, ita kuma ta ce ai ba ta ga tsohuwar da za ta kwashi miji mai fitsarin kwance ba.

Duk Asabar sai ta rufe keke su hau mota zuwa gidan wasan yara da ke saman wani babban kanti. Akwai rami cike da ƙwallaye masu launi, da ragar hawa, da bututun da yara ke zamowa ta ciki suna ihu. Ango ya cire takalmi ya faɗa cikinsu, ita ta zauna a benci da jakarta a cinya.

Kullum tikitin shiga ɗaya take saya. Mai kanta, wata budurwa mai fara'a da ke sayar da tikitin, ta sha yi mata magana.

"Mama, ku da ba kwa fashi, ai katin shekara ya fi muku. Asara kike yi wallahi."

"Bari dai, 'yar nan. Ba ni na yau."

Ba lissafin ne ya shige mata duhu ba. Uban yaron yana aiki a wani gari mai nisa, kuma tun ranar da ya bar mata shi ya ce in ya daidaita zai zo ya ɗauki ɗansa. Shi ya sa ko takalmi ba ta saya wa Ango da girma.

Aka yi ta tafiya a haka. Surukin ya rage kira, har ya zama sai ita ta neme shi. Ta ji a bakin mutane cewa ya yi aure, matar ma ta haihu. Ranar da ta ji, ta yi wa 'yarta kuka, amma can ƙasan ranta wani abu ya kwanta. Ta ce wanda ya samu sabo, ƙila ya bar mata nata.

Asabar ɗin da ta biyo, tana isa wurin mai kanta ta ce, "Yi mana na shekarar."

Mai kanta ta tafa hannu. Aka tsayar da Ango a jikin bango za a ɗauki hotonsa, ya ƙi tsayawa, sai da Kaka ta yi barazanar auren mai gadi. Katin ya fito da fuskarsa, baki buɗe, haƙori ɗaya babu. A mota ya ƙi ba ta, ya ce nasa ne.

Ba su cinye wata biyu da shi ba surukin ya yi sallama a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ajiye tsaraba, ya daɗe yana murza hula a hannu.

"Mama, na samar masa makaranta. Ɗaki ma an gyara masa."

Ta so ta ce yaron ba ya barci sai an bar fitila, kuma ba ya faɗa in ciwo yake ji, sai dai ya yi shiru. Ta so ta tambaye shi ina yake duk tsawon lokacin nan. Abin da ya fito daga bakinta shi ne, "Ɗanka ne. Allah ya raya."

Da kanta ta ninke masa kaya. Ango ya ɗauka yawo za a je, har yana ce mata kar ta kula kowa kafin ya dawo.

Bayan sati biyu ta hau benen ita kaɗai, da katin da ya bari a gida. Mai kanta ta leƙa bayanta, ba ta ga kowa ba, fara'arta ta ragu.

"Ko za a iya ba wani yaron katin nan?" in ji Kaka. "Maƙwabciyata na da 'ya'ya."

"Ba a canja suna, Mama. Amma zan iya dakatar da shi, in ya dawo ya ci gaba daga inda ya tsaya. Yaushe zai zo?"

"An ce da hutu."

Hutun farko aka ce hanya ba kyau. Na biyu aka ce ƙanwarsa ba lafiya. Sai a shekara ta uku uban ya kawo shi, kwana kaɗan. Ya yi tsawo, ya yi shiru, ya gaishe ta da ladabi kamar baƙo. Ta ce, "Ango, ka manta da matarka?" Ya yi murmushi yana kallon ƙasa.

Duk da haka ta kai shi gidan wasan. An canja mai kanta, wani saurayi ne yanzu. Ya duba katin, ya ce yana nan da ransa, sannan ya tsayar da yaron a jikin sandar awo da ke bakin ƙofa. Kansa ya wuce jan layin.

"Ki yi haƙuri, Mama. Ya girmi wurin nan."

"Ba komai, Kaka," in ji yaron. "Dama na ƙanana ne."

Suka sauko. Matakalar ta yi mata wuya, gwiwa ta ƙi, sai ya karɓi jakar ya riƙe mata hannu har ƙasa. A bakin titi ya tambaye ta ko gaskiya ne mamarsa ta iya ɗinki, don a can ba mai yi masa zancenta. Ta ce ta iya mana, sai dai ba ta da haƙurin saka zare a allura. Ya ce ta ba shi labari. Mota ta zo ta wuce, ba su shiga ba.