Ranar da Aka Gaya wa Zuma Hamon Ya Mutu

A shekarar da annoba ta shigo ƙauyenmu, ƙararrawar coci ta yi ta kuka har mai kaɗa ta ya bi sahu. Daga nan da hayaƙi muke gane mutuwa: gidan da aka wayi gari rufinsa ba ya hayaƙi, to an gama da shi. Limamin cocin ma ya tafi tun kafin yankan ciyawa. Tumaki suka bazu cikin gonakin sha'ir suna ci, babu mai ce musu kai.

Duk da haka ba mu daina gaya wa zuma ba. In maigida ya mutu, sai wani na jininsa ko matarsa ya ɗauki makullin ƙofa ya zaga bayan gida, ya ƙwanƙwasa kowace amya, ya ce, "Maigidanku ya mutu," sannan ya ɗaura mata baƙin ƙyalle. In ba a yi ba, ƙudajen su yi fushi su tashi, ko su mace a ciki. An binne mutane da yawa ba addu'a a shekarar nan, amma ban san gidan da aka manta da zuma ba.

Hamon ɗan ƙanena ne, shi kaɗai ya rage mini a duniya. Shinge ne ya raba gidana da nasa. Amyoyinsa sun fi na kowa yawa, kuma hannu tsirara yake shiga cikinsu, ƙudajen suna sauka a damtsensa yana yi musu hira. Matarsa Idoni mace ce mai kirki, sai dai gaggawa. Irin matan nan ne masu son wanke tukunya tun miya na ciki.

Kaluluwa ta fito wa Hamon a hammata kamar ƙwan kaza, ya kwanta yana sambatu. Ana cikin haka, wata safiya ina shanya sai na ji ƙwas, ƙwas, daga bayan gidansu. Na leƙa. Idoni ce a durƙushe gaban amya, makulli a hannu, fuskarta ta yi toka.

"Ke Idoni! Ya cika ne?"

"Bai cika ba, Gwaggo. Yana hanya."

"To uban wa ya aike ki?"

Ta ɗaga hannu ta nuna mini wuyanta. Ita ma abin ya fito mata.

"In na kwanta, wa zai gaya musu? Ke ma wa ya san inda za ki kwana gobe? Gara in sauke nauyin tun ina iya rarrafe."

Na yi ta zaginta ta saman shinge, ita kuwa ta bi amyoyin nan ɗaya bayan ɗaya har ta gama ɗaure su. Idoni ta mutu kafin Lahadi. Shi kuma Hamon kaluluwarsa ta fashe, zazzaɓi ya sauka, ya miƙe.

Na yi murna har na rasa inda zan sa kaina. Na dafa masa romon kabeji da wake, ya sha, nama ya fara komawa jikinsa. Amma ranar da ya fara zagawa bayan gida, ya dawo yana kallon hannuwansa.

"Gwaggo, ba su sauka a kaina ba."

"Warin ciwo ne. Ka yi wanka."

"Ba su harbe ni ba kuma. Na buɗe amya ba hayaƙi, na cusa hannu har gwiwa. Ko ɗaya bai juyo ba."

Kafin mako ya zagayo, 'yan tsirarun da suka rage a ƙauye duk sun ga baƙaƙen ƙyallayen, sun kuma ji labari. In ya doshi rijiya, mata su yi alamar gicciye su ja tulunansu gefe. Wat mai injin niƙa, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a jana'iza, ya hango shi ya ce, "A'a, Hamon! Yaya mutanen can? Ka ga surukata? Tana nan da masifarta?" Ba wanda ya yi dariya. Shi kansa Wat ɗin sai ya matsa baya don kada inuwar Hamon ta taɓa masa ƙafa, ya ce wa Hamon ya ajiye buhun hatsin da ya kawo niƙa a bakin gada, zai aiko masa da garin.

Abin ya ƙona mini rai. Mutum ya tsallake abin da ya share rabin ƙasa, a zo a kashe shi da makulli?

Wata rana da hantsi ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, bai shigo ba. Ya daina shiga gidan mutane.

"Na gaya wa ƙudajen da bakina ina raye, Gwaggo. Ba sa jin maganata. Ke ce jinina. Ki zo ki warware."

"Da wace magana? Kakanninmu ba su bar mana ta warwarewa ba, ɗan nan."

"Ki ƙago. Ke da ba kya rasa abin faɗa."

Muka tafi da rana tsaka, rana fau, ba iska ko kaɗan. Na karɓi makullin, na bi amyoyin ina ƙwanƙwasawa, ina kwance ƙyallayen ina jefarwa. Da na kai ta ƙarshe na ɗaga murya.

"Ku saurara! Gaggawa aka yi. Maigidanku Hamon yana nan da ransa. Ga shi tsaye, ku duba da kyau."

Sai gunjin ƙudajen ya ɗauke. Duk amyoyin lokaci guda, ɗif, har ina jin wata tunkiya tana kuka can bayan coci. 

Daga nan suka fara fitowa. Ba tashi suka yi ba, da ƙafa suka fito, baƙi ƙirin, suka gangaro cikin ciyawa ba ƙara. Suka wuce ta gefen takalmina suka nufe shi. Suka hau ƙafafunsa, suka hau cikinsa, suka rufe ƙirjinsa da kafaɗunsa, suka tsaya daidai wuya suka yi lamo. Hamon ya buɗe hannuwa a hankali, hawaye na zuba, yana dariya.

"Gwaggo, kin gani? Sun gane ni! Wallahi sun gane ni!"

Na gani. Na taɓa ganin irin haka sau ɗaya, tun ba a haifi Hamon ba, ranar da aka fito da makarar babana aka ajiye ta a tsakar gida kafin a wuce maƙabarta. Haka suka fito da ƙafa, haka suka rufe shi har wuya suka yi shiru. Zuma ba ta yi wa mai rai wannan gaisuwa.

"Sun gane ka, ɗana," na ce.

Na miƙa masa makullinsa na koma gida. Na buɗe akwati na ciro farin yadin da na ajiye don likkafanina, na shimfiɗa shi a kan gado. Hamon ya fi ni tsawo sosai. Na nemo allura na fara yi masa ƙari.