Igiyar Awon Lorna

Shekara goma sha biyu igiyar nan tana cikin akwatin katako a ƙarƙashin gadona, ba ta ci wa kowa komai ba. Ranar da na ɗauko ta zan mayar wa mai ita, ranar aka kira min ɗan sanda. Har yau in na tuna sai in ji wuyana ya ɗau zafi.

Ta Lorna Prentiss ce, matar da ta shigar da ni addinin Wika, na masu girmama ƙasa da wata, ina da shekara ashirin da biyu. Ita kuwa tun tana da ashirin da shida aka karɓe ta, aka yi mata abin da ake yi wa kowannenmu: aka auna ta da farar igiya daga tsakar ka zuwa diddige aka ƙulla, aka zagaya kanta aka ƙulla, aka zagaya ƙirjinta aka ƙulla. Igiyar tana zama hannun shugabar da'ira, wato ƙungiyarmu da ke ibada a zagaye, in mutum ya zo tafiya a mayar masa a binne shi da kayarsa. Da hannun Lorna ya fara rawa ta sauka daga shugabanci, sai ta damƙa min igiyoyin kowa, har da tata, naɗe a jikin wuƙarta ta ibada cikin shuɗin ƙyalle.

Ranar Litinin ta bugo min waya daga gidan kula da tsofaffin da ɗanta Garrett ya kai ta, can bayan masana'antar katako. Ƙodarta ta tsaya, ta kuma ce wa likita ba mai jona ta da na'urar wankin jini.

Ta ce, "Kawo min igiyata, Corinne. Kuma ki gaya wa 'yan uwanmu na da'ira, kada wanda ya kuskura ya kunna min kyandir don in daɗe. Shekara tamanin da ɗaya ta ishe ni. Kin ji ko?"

Na ce na ji.

"Ki zo da kek ɗin tuffa ɗin nan naki. Akwai maganar da nake son mu yi, ba ta waya ba ce."

Washegari da hantsi na ɗauki ƙunshin yadda yake na jefa a jaka, na ɗora kek a kai. A nan na tafka wautar da ba zan yafe wa kaina ba. Ni a idona wuƙar ibada ba wuƙa ba ce. Da ita ake nuna iyakar da'ira a iska, shi ke nan aikinta. Ta Lorna ko man shanu ba ta taɓa yanka ba, bakinta a dakushe yake kamar na cokali. Ko sau ɗaya bai faɗo min a rai ba cewa ƙarfe mai baki biyu da baƙar ƙota nake ɗauke da shi zuwa gidan marasa lafiya.

Madam Haskell, mai kula da gidan, ta tare ni a teburin shiga. Ta ce mai ciwon ƙoda ba kowane abinci ake ba shi ba, bari ta duba jakar. Ta ɗaga kek, ta ja ƙyallen, sai ga wuƙa ta faɗo kan tebur, ƙwal, igiya na biye da ita. Matar nan ta ja da baya har kujerarta ta bugi bango. Daidai lokacin Garrett ya fito daga lungu riƙe da kofin kofi.

Garrett da na sani tun yana ɗan shekara tara. Ni na cire masa ƙugiyar kamun kifi daga babban yatsa yana ihu yana kiran Anti Corinne. Yanzu ya zama dattijon coci mai furfura da tumbi, kuma na koma "Madam".

Ya ce, "Madam, me kika zo yi wa uwata da wuƙa?"

"Tata ce, Garrett. Ka san ta sarai, a kan teburin ɗakinta ka tashi kana ganinta."

"Wannan igiyar fa? Ƙulli uku! Me kuka ɗaure mata?"

"Awonta ne. Ita ta ce in kawo."

"Na sani dama. Na sani! Mace tana zaman lafiya, rana ɗaya ta ce ba ta son magani. Ashe ku ne kuka ƙulle ta. Shekara hamsin kuna ja mata Shaiɗan, yanzu kun zo karɓar abinku."

Na ce, "Wane Shaiɗan? Naku ne, a littafinku yake, mu ko kujera ba mu ajiye masa ba. Ku kuke ambatonsa duk Lahadi, mu muna can muna gode wa ƙasa da wata. Haba Garrett! Ka ci abinci a da'irarmu ya fi sau ɗari, ka taɓa ganin an yanka ko kaza? Biskit da ruwan tuffa ka gani, kuma kai kake cinye rabi."

Da na yi shiru da ya fi. Amma bakina ba ya jin birki in raina ya ɓaci, muryata kuma ta kai har ɗakin talabijin, tsofaffi suka fara leƙowa. Kafin in ankara Madam Haskell ta buga waya. Ɗan sandan da ya zo yaron kirki ne, yana sayen zuma a wurina. Ya gwada bakin wuƙar da yatsa, ya dube ni, ya sunkuyar da kai, ya dai sa ta a leda ya rubuta "makami" a jiki. Igiyar ya miƙo min da yatsu biyu. Garrett ne mai sa hannu a madadin uwarsa, ya sa hannu a takarda cewa ba ni ba shiga gidan, ba ni ba kiran waya. Ɗakin Lorna taku goma sha biyar ne daga inda nake tsaye, ina ma hango ƙofar.

Kafin Laraba gari ya ɗauka. A kantin kayan abinci wata ta janye jikarta daga kusa da keken sayayyata. Wani ya tambaye ni wai ina baƙar kyanwar da ta ɓace a layinsu. Ni da nake da kyanwa huɗu, duk tsintattsu, kuɗin likitansu ya fi nawa! Abin da ya fi ƙona min rai, wadda ta janye jikar nan ita ce ta zo bayan gidana bara a ɓoye, wai in yi mata abin da mijinta zai dawo. Na ce mata ba ma yin aiki a kan wanda bai yarda ba, na ba ta shayi da lambar lauya. Tun ranar take jin haushina.

Na rubuta wa Lorna takarda, aka maido ta ba a buɗe ba. Na aika Imogen, ƙaramarmu a da'ira, aka ce ita ma sunanta yana cikin takardar hanin da Garrett ya sa wa hannu. Kullum sai in tuƙa mota in tsaya a tsallaken titi in ƙura wa tagarta ido, igiya na cikin aljihun rigar sanyina. 'Yan uwa suka ce mu taru mu yi aiki zuciyar Garrett ta yi laushi. Na so, ba zan yi ƙarya ba, na so ƙwarai. Amma shi ma bai ba mu izini ba, dokarmu kuma ba ta ce ban da wanda ya ɓata maka rai ba.

Ranar Juma'a da tsakar rana ina faskare a tsakar gida sai ga motar Garrett. Ya fito bai rufe ƙofa ba, gemunsa kwana biyu ba aski.

Ya ce, "Ta daina magana tun jiya da yamma. Ki kwance ƙullin nan."

Na kafa gatari a jikin kututture, don kada ya zama yana hannuna.

"Tun jiya da yamma," na ce. "Kai kuma sai yanzu ka ga hanyar gidana."

"Ki kwance, na ce!"

"In na kwance, ƙodarta za ta tashi? Igiyar shanya ce, Garrett, daga kantin kayan gini aka sayo ta kafin ka iya tsarki."

Ya tsaya yana haki. Can sai fuskarsa ta karye, murya ta koma ta yaron da ƙugiya ta kama.

"To ki yi mata wani abu. Anti Corinne, don Allah. Ko me kuke yi, ki yi. Ba zan gaya wa kowa ba."

Nan ne raina ya ƙarasa ɓaci. Na ce, "Ba za ka gaya wa kowa ba! Ka ji min mutum. Ran Talata mu mayu ne masu cin uwarka, yau Juma'a mun zama masu tayar da matacce. Wanne ne a ciki? Kana tsammani da muna da ikon da kuke ba mu, da na bar mijina ya mutu da ciwon daji? Da rufin gidana yana yoyo? Abin da muke yi addu'a ce da hannu, kyandir da gishiri da niyya, wani lokaci mutum ya samu ƙarfin zuciya, wani lokaci ya samu barci. Ko shi ɗin ma ba zan yi mata ba."

"Saboda ni?"

"Kai a wa? Saboda ita. Da bakinta ta ce kada a kunna mata kyandir. Ba wanda ya ƙulle uwarka, ta gaji ne, ta faɗa maka, ka ƙi ji, ka ga ya fi sauƙi ka ɗora min."

Ya ce, "To amfanin me gare ku?"

"Amfanina in kai mata abin da ta roƙa. Ka kai ni ko ka fita min daga gida."

Daga baya ya ce zai kai ni, amma igiyar a hannunsa za ta zauna. Na san zai iya cilla ta ta taga a kan gada. Na miƙa masa duk da haka, don ba ni da wata hanya. Duk tsawon tafiyar yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana ta ƙwaƙular ƙulli da farce. Ƙullin da ya shekara hamsin da biyar. Na bar shi ya yi ta fama.

Da muka isa, Madam Haskell ta miƙe za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ta koma ta zauna.

Lorna tana kwance ta ƙanƙance, bakinta a buɗe, numfashi yana fita da ƙyar. An ɗora mata littafin addu'ar cocin su Garrett a kan durowa, an rufe taga ruf, ita da ba ta iya zama a ɗaki sai iska na shiga. Na buɗe tagar ban nemi izinin kowa ba.

Na ce, "Shimfiɗa ta a gefenta. Bakin igiyar daidai tsakar kanta."

Ya yi kamar ba zai yi ba, sai ya yi. Ya bi jikinta da igiyar a kan bargo, a hankali, har ya kai diddige. Ƙullin farko bai tsaya nan ba. Ya wuce ƙafafunta da kusan taƙi guda, ya sauka a ƙarfen gado.

Ya ce, "Wannan ba tata ba ce. Ta yi mata tsawo."

"Tata ce. Tsawonta ke nan lokacin da kake ɗan shekara biyu."

Ya tsaya riƙe da ragowar igiyar a tafin hannu, yana duban ta, yana duban 'yan ƙafafun da ke ƙarƙashin bargo. Sai ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, ya kifa goshi a bakin gado. Ban rarrashe shi ba. Na naɗe igiyar na sa a hannun Lorna, na ce mata, "Ga ta nan, Yaya. Na kawo." Yatsunta suka ɗan motsa a kai. Nas ɗin da ke ɗakin ta ce haka hannun masu barin duniya yake yi in ya ji abu. Ta faɗi nata.

Ranar Asabar da safe ta cika. A coci aka yi jana'iza, ba wanda ya gayyace mu, mu bakwai muka zauna a bencin baya. Da na je gaban akwatin gawar na ga bakin farar igiya ya leƙo daga hannun rigarta. Ba ni na sa ba. Garrett yana tsaye a gefe, muka haɗa ido, ya kawar da kai.

Bayan mako biyu ya karɓo wuƙar daga ofishin 'yan sanda ya kawo min har gida, tana cikin ledarta da rubutun "makami". Ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya ce ko za mu iya mantawa da abin da ya wuce.

Na ce, "Ta ce akwai maganar da take son mu yi. Ta gaya maka ko mece ce?"

Ya ce a'a. Ya ce ran Laraba da Alhamis ta yi ta tambaya ko na zo, shi kuma ya ce mata ina da uzuri.

Na karɓi wuƙar, na rufe ƙofa.