Haƙoran Giyar Namadi

Jiya da dare Namadi direba ya yi wani mafarki, irin wanda ko ya rantse ba kowa ne zai yarda ba. Amma kafin mu shiga mafarkin, gara ku san abin da ya kwana da shi a rai.

Namadi na da wata tsohuwar akori-kura, da ita yake jigila tsakanin ƙauyensu Tudun Gwanki, can bisa dutse, da kasuwar Maraba da ke ƙasa. Wajen hawa ba ta da na biyu, gudu ne dai Allah bai ba ta ba. Tun da aka shimfiɗa kwalta a rabin hanyar, samarin direbobi ke wuce shi fiu, har su leƙo da kai suna cewa, "Baba, in ka iso gobe ka gai da mutan kasuwa!" Abin nan ya ci masa rai ƙwarai. Shi ne jiya ya kai ta garejin Oga Shitu bakanike, aka sauke giyabos, wato akwatin giya, aka buɗe cikinsa.

"Ka ga wannan ƙaramin faifan mai haƙora?" in ji Oga Shitu. "Shi ke juya babban. In muka cire babban muka sa wanda bai kai shi yawan haƙora ba, inji zai yi juyi kaɗan, taya ta yi da yawa. Gudu kam za ka samu. Amma ƙarfin hawa zai ragu, kuma inda ka saba canza giya ba nan za ka riƙa canzawa ba."

Namadi ya ce a canza, ko me zai ragu ya ragu. Aka tsayar da magana da safe za a haɗa.

Akwai kuma wani mutum ɗaya a wurin, wato yayansa Jibo. Yaya Jibo makaho ne tun suna yara, sana'arsa tufkar igiya, kuma duk ranar kasuwa kujerar gaba tasa ce, ko hakimi ne ya zo sai ya haƙura. Da kukan giya yake ganin hanya. Namadi na komawa lamba biyu zai ce, "Mun zo tsamiya, ka gai da masu fura." Inji ya yi nishi a lamba ɗaya, ya ce, "Ga gadar katako nan, Allah ya tsallakar da mu." Jiya dai yana tsugune a gareji, yana shafa ƙarafan da aka baje a kan buhu, har aka tashi.

To, a mafarkin sai Namadi ya ga kansa yana tafe a wata ƙasa, ya yi gammo ya ɗora giyabos a ka, kuma bai fi ƙwaryar nono nauyi ba. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutane sun naɗe ƙafar wando, kowa ya riƙe lemarsa a juye a gaban gwiwa. Baƙin man da ke ɗiga daga giyabos shi ma sama yake ɗiga, ɗis, ɗis, yana ɓata gajimare. Namadi ya ce ikon Allah, ya ci gaba da tafiya.

Sai ga shi a ofis. Wani bunsuru ne a bayan tebur, da tabarau, yana taunar gefen labule a hankali irin na manyan ma'aikata.

"Gudu ko hawa?" in ji bunsurun.

"Gudu, ranka ya daɗe."

"Kowa gudu. Tun safe ba wanda ya nemi hawa sai wani kunkuru, shi ma wai kunya ce ta hana shi faɗin gaskiya. Ka zo da mai kujerar gaba?"

"Yayana ne, ranka ya daɗe, ba ya gani."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan." Ya haɗiye labulen, ya yi gyatsa, ya ce, "Doka ce a nan, ba a taɓa wa mutum giya sai ya je ya ga babba. Bi ta cikin wancan tulun."

Namadi ya shiga tulu da giyabos ɗinsa a ka, ya fito a cikin dutse.

Jama'a, a nan ne ya ga abin mamaki. An rarake cikin dutsen gaba ɗaya, kuma duk inda ido ya kai faifai ne masu haƙora, wani na cizon wani. Akwai ƙanana masu juyawa da saurin da ba a ganinsu, sai dai a ji iskarsu a fuska. Akwai wanda haƙorinsa ɗaya ya kai rumbu, sai damina ta zagayo yake gusawa. Can ƙololuwa kuwa rana ce da kanta, ashe ita ma haƙora gare ta a gefe, sun shiga cikin na wata, ita tana juyawa dama shi yana juyawa hagu. Babu ƙara, babu ƙugi, sai wani amo mai zurfi da Namadi ya ji a ƙirjinsa kafin ya ji a kunne. Shekarunsa nawa yana tuƙi, bai taɓa jin injin da ya zauna daidai kamar wannan ba. Ya cire takalmi ba tare da kowa ya ce ya cire ba.

A gindin wani sandan giya mai tsawon giginya wata tsohuwa ce zaune a tabarma tana tsintar wake. Ba ta ko ɗago ba ta taka kuloci da ƙafa ɗaya, ta tura sandan da gwiwar hannu, dutsen duka ya yi ajiyar zuciya.

Namadi ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, Iya. Me kika canza?"

"Yammacin wani mutum ne da ke zaune a ƙofar ɗaki matarsa tana naƙuda. Lamba ɗaya nake sa wa irinsu, saboda kaya ya yi nauyi. Masu zance a zaure kuma lamba biyar, shi ya sa kullum suke cewa yanzu suka zauna."

"To Iya, me ya hana ki sa wa kowa biyar a huta?"

"Wani ya taɓa naci na sa masa. An raɗa masa suna da hantsi, aka yi masa sallah da azahar." Ta jefar da wani ruɓaɓɓen wake, ya tashi sama. "Kai ma gudun kake so? Jeka, wanzami na jiranka."

Wanzamin raƙumi ne, ya rataya zabira a wuya, yana zaune a inuwar wata bishiya da saiwoyinta ke sama. Ya sa Namadi ya sauke giyabos a kan turmi, ya ce, "Buɗe baki." Giyabos ya buɗe baki ya ce aaa. Raƙumi ya zura awartaki, ya kama haƙori ɗaya na babban faifan, ya fizge.

Haƙorin ya suɓuce ya bi ruwa zuwa sama. Da ya zo daidai idon Namadi sai ya ga ashe akwai abu a cikinsa: tsamiyar nan ce ta bakin hanya, ƙarama tsaf, da masu fura a gindinta suna dama wa mutane, har yana jin ƙamshin citta. Ya saki baki yana kallo har ta shige gajimare. Aka fizge na biyu, sai ga gadar katako da ruwanta na gudu a ƙasa. Na gaba kwanar da ake jin warin daddawa, na bayansa masallacin gindin dutse da butocinsa a jere.

"Malam wanzami," in ji Namadi, "ai hanyarmu ce kake cirewa."

"To da fa? In ba a rage hanya ba, ta ina gudun zai fito?" Raƙumi ya shafa wa giyabos toka a dasashi. "Kada ya ci abu mai tauri yau."

Sai ga Namadi a bayan sitiyari. An haɗa mota, an yi lodi, Yaya Jibo na kujerar gaba da damin igiyoyinsa a cinya, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Namadi ya murza makulli, ya ɗan taɓa totur.

Tirƙashi! Ba su tashi ba sai da suka riga suka yi nisa. Suka wuce samarin direbobin nan kamar an dasa su. Ɗaya ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, suka wuce tsiyar ma tana rataye a iska ba ta kai kunnen kowa ba. Namadi ya danna oda, suka bar ƙarar a baya. Inuwar motar ta yi ta binsu da gudu har ta gaji, ta zauna a gefen titi tana haki. Suka shiga Maraba suka tarar ana cin kasuwar makon jiya, ga Namadi can yana cinikin albasar da tuni aka cinye ta a gida. Daɗi ya kama shi har hawaye. Ya sa lamba uku, ya sa huɗu, ya sa biyar, ya ga akwai wasu lambobin a gaba ya yi ta sawa, kuma kowacce ta shiga sumul, ba nishi ba kuka.

Can sai Yaya Jibo ya juyo da fuskarsa ya ce, "Namadi, ina muke?"

Namadi ya waiga ya dube shi. Tun ranar da ya fara ɗaukar yayansa a motar nan bai taɓa jin wannan tambaya daga bakinsa ba. Yayan ne ma mai gaya wa fasinjoji inda ake, har wanda barci ya ɗauke ya tashe shi ya ce ga mararrabarku. Namadi ya leƙa ta taga don ya ba shi amsa, ya ga babu komai. Ba tsamiya, ba gada, ba ko ciyawa, fari fat kamar sabon yadin alawayyo. Shi mai idon ma bai san inda suke ba.

"Yaya, gida za mu," ya ce.

Yana juya kan mota sai ga dutsensu a tsaye, ga Tudun Gwanki can sama, ana hango hayaƙin girki. Ya koma lamba ɗaya ya taka. Motar ta yi tari, ta ɗan yunƙura, ta tsaya.

"Ka yi haƙuri, maigida," in ji motar. "Ni yanzu na manta yadda ake hawa."

Yaya Jibo ya buɗe ƙofa. "Bari in sauka in lalubo mana hanya," ya ce. Ya miƙa sandarsa ƙasa yadda ya saba, sandar ba ta taɓa komai ba. Ya ƙara miƙawa, ya zura ƙafa, sai ruwan nan mai tashi ya ɗauke shi cak, da shi da igiyoyinsa. Bai yi ihu ba. Yana tafiya sama a hankali, babbar rigarsa na kaɗawa, yana kira a natse kamar mai kiran awakinsa da yamma: "Tsamiya? Gada? Masu fura, kuna ina?"

Namadi ya yi tsalle ya cafko bakin igiya ɗaya. Igiyar Yaya Jibo ce, ba ta tsinkewa, amma sai warwarewa take yi tana ƙara tsawo. Ya ɗaga kai. Can sama haƙoran nan da aka cire sun watsu cikin gajimare suna ƙyalli, kowanne da guntun hanyarsa a ciki, abin gwanin kyau da ban tsoro. Ga yayansa a tsakiyarsu shi kaɗai, ƙanƙane, yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da sanda ko zai ji wanda ya sani. Namadi ya buɗe baki zai ce Yaya ka yafe ni, murya ta ƙi fita. Sai ƙarar sandar kawai ke saukowa, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ashe a ƙyauren kwanon ɗakinsa ne.

Ya zabura ya tashi, jikinsa sharkaf da gumi, hannunsa damƙe da igiyar gidan sauro. Gari ya waye, kaji sun fito. Ya buɗe ƙofa, ga Yaya Jibo tsaye da sandarsa, ƙafafunsa biyu a ƙasa. Namadi ya tsaya yana kallon ƙafafun nan kamar bai taɓa ganinsu ba.

"Yau kuma barci ya sace ka, ko masallaci ba a ji ka ba," in ji Yaya Jibo. Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya jawo wani abu mai nauyi naɗe a tsumma. Ya kwance. Tsohon babban faifan ne, an goge shi tas, ko ɗigon baƙin mai babu tsakanin haƙoransa.

"Jiya na ɗauko a gareji ban gaya wa kowa ba," ya ce. "Na ce kada Oga Shitu ya nema ya ce an sata. In dai yarwa za a yi, ka roƙe shi ya bar mini. Zan riƙa shafawa."

Namadi ya karɓi faifan da hannu biyu. Ya bi haƙoran da yatsa har ya zagayo, duk suna nan. Idonsa ya cika, ya gode wa Allah da yayan nasa ba zai ga fuskarsa ba.

"Namadi, kuka kake?" in ji Yaya Jibo.

"Mura ce, Yaya. Kama hannuna mu yi sauri, kafin Oga Shitu ya ɗaura sabon."